Agogon Masu Nutso: Wanne Ya Dace da Ruwanmu?

Wata takarda ta iso wannan fili daga Iku, cikin garin Suleja. Mai ita ya ce shi da waɗansu samari 'yan'uwansa suna cikin waɗanda akan kira da gaggawa in ruwa ya ci mutum, kuma sun gaji da shiga ruwa daga su sai gajeren wando. Sun yi karo-karo sun tara 'yan kuɗi domin sayen kayan nutso irin na zamani, sai wani ɗan kasuwa ya nuna musu hoton wani agogo da ake ɗaurawa a hannu, ya ce da su wannan agogo yana gaya wa mai nutso zurfin da ya kai, da lokacin da ya ci a ƙasa, har da yawan iskar da ta rage masa a tukunya. Abin da suke tambaya shi ne, wanne za su saya, mai tiyo ko marar tiyo? Tambaya ce mai kyau, kuma ta shafi mutane da yawa waɗanda ba su rubuto ba, saboda haka gara a amsa ta a bainar jama'a.

Jihar Neja jihar ruwa ce. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 aka bi ta da ta Jebba, da ta Shiroro a 1990, sa'an nan ta Zungeru a 'yan shekarun nan, ga kuma Kogin Kwara da na Kaduna da Gurara. Inda ruwa ya yi yawa haka, kwale-kwale ne motar talaka, kuma mun sha ganin abin da yake biyo baya. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwan da ya taso daga Lokon Minna zuwa Warra ta Jihar Kebbi ya nutse da ɗimbin jama'a. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a wajajen Patigi, suna komowa daga biki a Jihar Neja. A farkon Oktoba na 2024 wani jirgin ya kife a kusa da Gbajibo ta ƙasar Mokwa, cike da mata da yara masu zuwa Mauludi. Ka bi labarin kowane ɗaya, za ka tarar waɗanda suka shiga ruwa suka tsamo rayayye da matacce su ne masunta da masu haƙar yashi da samarin gari. Ba wanda ya ɗauke su aiki, ba wanda ya ba su kaya. To, in irin waɗannan mutane suka ce za su sayi kayan aiki da kuɗin guminsu, wajibi ne a gaya musu gaskiya, kada a bar su da bakin mai talla.

Mu fara da abin da agogon yake lissafawa, domin wanda bai san wannan ba, ko an ɗaura masa shi ado ne kawai. Iskar da muke ciki a doron ƙasa tana da nauyi, ko da yake ba ma jinsa don mun saba. Wannan nauyi shi masana suka ɗauka ma'auni guda, suna kiransa bar 1. Ruwa kuwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba, har ma kowace mita 10, watau kamar ƙafa 33, tana ƙara bar guda. Wanda ya kai mita 10 yana ƙarƙashin bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Na'urar shaƙa da ake ɗaurawa a kan tukunya, wadda Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera a 1943, aikinta shi ne ta ba mai nutso iska daidai da nauyin ruwan da ke kewaye da shi. Ma'anar wannan ita ce, numfashi guda a mita 30 yana cin iskar numfashi huɗu na waje.

Ga lissafin a fili. Tukunyar da aka fi amfani da ita tana cin lita 12, ana ɗura ta har bar 200, watau lita 2,400 ke nan na iska. Ƙa'ida ce a fito da ragowar bar 50, saboda haka abin da mutum yake da ikon kashewa lita 1,800 ne. A ce yana shaƙar lita 20 a minti guda in yana waje. A mita 20 zai ci lita 60 a minti, iskarsa ta kai shi rabin sa'a. Amma wanda yake jan gawa daga ƙarƙashin kwale-kwale, ruwa na tura shi, zuciyarsa na bugawa, numfashinsa yakan ninka, sai rabin sa'ar nan ta koma minti 15. A mita 30 kuwa minti 11 ne da 'yan kai. Mutum yana can ya dukufa a kan aiki, bai ankara ba sai ya ji yana zuƙa ba abin da ke zuwa.

Wannan agogo na farko ke nan, agogon iska. Akwai na biyu wanda ido ba ya gani, kuma ya fi mugunta. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, wadda jiki ba ya yin kome da ita. A ƙarƙashin matsin ruwa sai ta riƙa narkewa cikin jini da tsoka, iya zurfi da daɗewa iya yawanta. In mutum ya hauro a hankali, takan fita ta huhu salin-alin. In ya hauro da gaggawa, sai ta yi kumfa cikin jiki, kamar yadda kwalbar lemo take yi in an girgiza ta aka fasa murfin. Kumfar nan in ta tsaya a gaɓa, ciwo ne mai sa ƙato kuka. In ta tsaya a laka, shanyewar ƙafafu ce. In ta kai ƙwaƙwalwa ko huhu, sai dai Allah ya kiyaye. Wani likitan Birtaniya, John Scott Haldane, shi ya fara tsara jadawalin hawa daki-daki a 1908, bayan ya yi ta gwaji da awaki a cikin ɗakin matsi. Daga baya Farfesa Albert Bühlmann na birnin Zurik ya faɗaɗa lissafin ya buga shi a 1983, kuma har yau da yawa daga cikin agogunan nan a kan lissafinsa suke tafiya. A wajajen wannan lokaci ne irinsu na lantarki suka fara yaɗuwa a kasuwa. A taƙaice, a mita 18 mutum yana da kusan sa'a guda kafin tsayawa a hanya ta zame masa tilas, a mita 30 kuwa minti 20 ko ƙasa da haka.

Wanda yake ganin wannan zancen Turawa ne, ya tuna da Harrison Okene, ɗan ƙasarmu. Kuku ne a jirgin ja mai suna Jascon-4, wanda ya kife a teku daura da Escravos ran 26 ga Mayu, 2013. Cikin mutum 12 shi kaɗai ya rayu, ya yi kimanin sa'a 60 cikin wani lungu da iska ta maƙale, a zurfin kamar mita 30. Da masu nutso suka same shi, ba su yi garajen fito da shi sarari ba, ko da yake tazarar ba ta kai tafiyar minti biyu da ƙafa ba. Cikin wata ƙararrawar ƙarfe mai riƙe matsi suka hauro da shi, daga nan aka wuce da shi ɗakin matsi ya ƙara kwana biyu da wani abu ana rage masa nauyin kaɗan-kaɗan. Da an fito da shi kai tsaye, da abin da teku ta kasa yi, kumfar jininsa ta yi.

To, agogon da ake magana, wanda wasu ke kira kwamfutar nutso, asalin aikinsa shi ne riƙe wannan lissafi na biyu. Yana auna zurfi da lokaci, ya nuna minti nawa suka rage kafin naitirojin ta yi yawa, ya yi ƙara in an hauro da sauri fiye da kamar mita 10 a minti, ya kuma tsayar da mutum minti 3 a mita 5 kafin ya fito. Wanda ɗan kasuwa ya nuna wa samarin Iku ya ƙara da abu guda: yana karanta iskar tukunya, ya haɗa ta da zurfi da yadda mai shi yake numfashi a wannan lokaci, ya ce masa iskarka za ta kai ka minti kaza. Gejin allura na da, mai kama da na mai faci, yana faɗin bar nawa suka rage ne kurum, kai za ka yi sauran lissafi da ka. Wanda kuwa ya taɓa zuwa mita 30 ya san yadda kai yake nauyi a can, domin naitirojin a wannan zurfi tana sa wani irin maye.

Kafin mu kai ga zaɓe, akwai maganar da ta fi agogo muhimmanci, kuma ga gwanayen ruwanmu na gado take. Duk wanda ya ga kabanci a bikin Argungu, ya ga yadda Kabawa suke ɓacewa cikin Matan Fada har ɗan kallo ya fara salati, ya san muna da masu nutso na gani na faɗa. Gwanintarsu kuwa riƙe numfashi ce. Mutum ya cika ƙirji a waje, ya nutse, ya komo da iskar da ya tafi da ita, ba abin da zai same shi ta wannan fuska. Ranar da ya goya tukunya, wannan ɗabi'a da ta raya shi shekara 20 ita ce za ta fara neman ransa. Iskar da ya shaƙa a mita 10 matsattsiya ce, in ya riƙe ta ya hauro za ta ninka girma biyu cikin ƙirjinsa, huhu kuwa ba balan-balan ba ne. Ko daga mita 2, in ƙirji cike yake tam, huhu yana iya yagewa, iska ta shiga jini. Babu agogon da zai hana wannan, ko na nawa ne. Dokar farko da ake koya wa mai tukunya ita ce kada ya daina numfashi ko na ƙiftawar ido, kuma gwani ya fi ɗan koyo wuyar karɓarta, don shi sai ya kwance abin da ya saba. Saboda haka kuɗin farko na malami ne, mai takardar shaidar koyarwa, ko da za a bi shi har Ikko.

Abu na biyu, su kansu samarin Iku su tambayi kansu ina za su shiga. Kogin Iku da rani ba ya buƙatar tukunya. Da damina kuwa, irin ranakun da ambaliya ta yi ɓarna a Suleja a 2017 da 2020, ruwa ne ja mai gudu, ɗauke da itace da kwano da tarkacen gari. Wanda ya goya ƙarfe mai nauyi ya faɗa irin wannan ruwa ya ƙara wa masu nema aiki ne. Abin da ake ceto da shi a ruwa mai gudu shi ne igiya, da rigar da ke hana nutsewa, da hular kwano, da mutane a gaɓa waɗanda suka san inda za su tsaya. Haka nan gindin magangarar Gurara, inda ruwa yake juyawa kamar ana tuƙa tuwo. Tukunya da agogo na ruwa mai zurfi ne wanda ya kwanta: tafkunan madatsu, da manyan gurabun Kwara, da kududdufan da masu fasa dutse suka bari. In can suke nufi, to, mu ci gaba.

Mai tiyo dai shi ne wanda ake haɗawa da kan tukunya ta siririn tiyo, ya maye gurbin gejin allura. Suunto Cobra na ƙasar Finlan misali ne sananne. Fuskarsa babba ce, karatunsa na iska ba ya yankewa don iskar ce da kanta take zuwa masa, batir ɗinsa guda, kuɗinsa kuma ya fi sauƙi. Aibinsa shi ne yana reto a gefe, sai an lalubo shi a duba, yana jan laka, yana kuma iya maƙalewa a raga. Marar tiyo kuwa a hannu yake, sai a ɗaura wani ɗan ƙarfe kamar tsawon yatsa a kan tukunya, mu kira shi ɗan aike, shi ke aika wa agogon labarin iska ba tare da waya ba. Kamfanonin Shearwater na Kanada, da Mares na Italiya, da Scubapro, da Garmin, da Suunto ɗin, duk suna yin irinsa. Daɗinsa shi ne kome yana wuri guda a gaban ido, hannu biyu kuma suna aiki. Amma muryar ɗan aike ba ta nisa cikin ruwa, galibi ba ta wuce tsawon hannu da ɗan ƙari ba, kuma takan ɗauke na ɗan lokaci in jiki ya shiga tsakani. Shi ya sa ake ɗaura shi ɓangaren hannun da agogon yake. Na Garmin da sauti yake aike, ya fi nisa, har shugaban ayari yana iya ganin iskar mutanensa, sai dai tsadarsa ta kai. A lura kuma, galibi ɗan aiken wani kamfani ba ya magana da agogon wani, kuma sau da yawa kuɗinsa dabam ne. Kada mai talla ya faɗi kuɗin agogo ya yi shiru a kan ɗan aike, wanda shi ma daloli ɗaruruwa ne.

Ni dai a ganina, ga mai aikin ceto, marar tiyo ya fi, bisa sharaɗi guda wanda ba a sassauta shi: kada a cire gejin allura. Allura ba ta cin batir, ba ta jiran saƙo. Ranar da ɗan aike ya yi shiru a mita 20, ita ce za ta ce a ci gaba ko a hau. In kuɗi bai kai ba, agogo marar karatun iska tare da geji mai kyau ya wadatar, dubban masu nutso a duniya da haka suke aiki lafiya lau. Karatun iska ƙari ne mai amfani, lissafin naitirojin shi ne tilas.

Yanzu sai abin da takardun talla ba su faɗi, domin an rubuta su ne saboda masu yawon buɗe ido a Bahar Maliya, inda ruwa yake garau kamar gilashi ana kallon kifi mai launi. Namu ruwan kunu ne. Da damina a Shiroro ko Kainji mutum yana iya miƙa hannu ya kasa ganin yatsunsa. Agogo mai baƙin rubutu a kan toka-toka, wanda sai an danna maɓalli yake haske, ba shi da amfani a nan. A nemi mai fuska mai hasken kanta, mai manyan lambobi masu launi, a kai shi ɗaki mai duhu a gwada kafin a biya. A nemi mai girgiza a hannu in zai yi gargaɗi, ba ƙara kaɗai ba, domin ƙarar kumfa da injin jirgi sukan danne ta. Maɓallansa kuma su zama manya waɗanda za a iya dannawa da safar hannu, tun da mai lalube cikin tarkacen jirgi ba ya shiga da hannu tsirara.

Akwai ma ranar da duhun zai kai ko hasken agogon ba a gani sai an manna shi a gilashin fuska. A irin wannan rana dabarar masu haƙar rijiya ce take aiki, kuma ita ce masu nutson ceto na ƙasashen da suka ci gaba suke bi: igiya a jikin na ƙasa, ɗaya bakin a hannun na sama, da ishara da aka yi yarjejeniya a kanta, ja ɗaya kaza, ja uku kaza. Na sama yana riƙe da agogon hannu da takarda, ya rubuta bar nawa aka shiga da shi da ƙarfe nawa, in lokaci ya cika ya ja, ko na ƙasa ya so ko ya ƙi. Ga kuma na uku a zaune da kayansa a jiki yana jiran ko-ta-kwana. Ƙarƙashin tafkin Kainji akwai tsohuwar Busa, inda ruwa ya ci Mungo Park tun 1806, da kututturan dazuzzukan da ruwa ya shanye, da ragar masunta da ta tsinke ta sarƙe a jikinsu. Agogo bai san raga ba. Wuƙa biyu a jiki, ɗaya inda hannun dama zai kai, ɗaya inda na hagu zai kai, sun fi shi sanin maganinta.

Batir shi ne abu na gaba, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi ne ke mai da kayan tsada kwandon shara a ƙasar nan. Iri uku ne. Akwai wanda ake cajinsa kamar wayar hannu, akwai wanda mai shi yake iya canza masa batir da kansa, akwai kuma wanda sai an mayar wa wakilin kamfani ya buɗe. Na ukun nan a bar shi a kanti, ko kyauta aka bayar a yi tunani. Na caji yana da kyau ga mai wuta, amma abin dariya ne kuma abin takaici cewa ƙauyukan da ke gindin madatsun da ke ba ƙasa wuta su ne suka fi kowa zama cikin duhu, kuma haɗarin jirgi ba ya aiko da sanarwa a ce a yi caji. Shearwater Perdix, alal misali, da batir guda yake aiki irin na ƙaramar tocila, wanda ake samu a teburin kowane mai kanti. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutumin Malale ko Zumba ya dube shi sau biyu. A tambayi irin batirin ɗan aike shi ma, a sayi na ajiya tun a ranar. Wajen canzawa kuwa, duk tsaron agogon yana kan wani siririn zoben roba ne da ke bakin murfi. Ƙwayar yashi guda ko ƙurar hunturu in ta hau shi, ruwa ya sami ƙofa. A buɗe shi a ɗaki, a kan tsumma mai tsabta, kada a bakin kogi. Kada kuma a bar shi cikin mota a rana.

Sauran abu biyu na saiti, waɗanda mai sayarwa a Ikko ba lalle ya tuna da su ba don shi teku ya sani. Ruwan daɗi ya fi na gishiri sauƙi kaɗan, saboda haka a tabbata agogon yana da zaɓin ruwan daɗi. Na biyu ya fi wannan nauyi. Jadawalin nutso na yau da kullum an yi shi ne domin bakin teku har zuwa tudun mita 300. In wuri ya fi haka tudu, iskar sama ta fi sauƙi, kumfa kuma ta fi saurin tashi a jikin wanda ya fito. Wannan ne ma ya sa Bühlmann ya damu da lissafin tudu, saboda tafkunan ƙasarsu a kan duwatsu suke. Kainji da Jebba suna ƙasa da wannan iyaka, amma Suleja da Shiroro sun haura ta, Jos kuwa ta wuce mita 1,200. A zaɓi agogon da yake auna tudu da kansa, a kunna shi tun a gaɓa kafin a shiga. Dalili guda ne ya sa ake hana wanda ya yi nutso hawa jirgin sama sai bayan sa'a 12, ko 18 in ya yi nutso fiye da ɗaya. Wanda ya je koyo Ikko ya gama da rana, kada ya kamo jirgin Abuja da yamma.

Kowane agogo yana da wurin da ake zaɓar tsananinsa, ko ya yi sassauci ya ba da lokaci mai yawa a ƙasa, ko ya tsananta ya kori mutum da wuri. Samari sukan so mai sassauci. Ni shawarata a sa shi a kan tsanani. Maganin cutar kumfa shi ne ɗakin matsi, irin wanda aka sa Okene, kuma wannan kayan masu aikin mai ne a bakin teku, tsakaninsa da Shiroro tafiyar yini ce ko fiye. Abin da za a iya yi a gaɓa shi ne a kwantar da mutum, a ba shi oksijin tsantsa, a nufi asibiti, kada a ce a mai da shi ruwa wai kumfar ta narke. Wanda asibitinsa yake da nisa haka ba shi ne zai riƙa wasa da bakin iyaka ba. Haka kuma minti na iska da agogo yake nunawa hasashe ne a kan numfashin yanzu da zurfin yanzu; ka ƙara mita 5 ko ka fara haki, sai ka ga lambar ta zube. Waɗansu agogunan ma ba su sa lokacin tsayawar hanya cikin lissafin ba. A karanta littafinsa a san wanne ne. A duba kuma ko da bar yake magana ko da awon Amurka, inda cikakkiyar tukunya take nuna 3,000, kada geji ya faɗi wani harshe agogo ya faɗi wani.

Na san abin da zai zo ran masu karo-karo: a sayi guda ɗaya mai kyau a riƙa karɓa-karɓa. Wannan kuskure ne mai kisa. Agogon yana riƙe da lissafin naitirojin da ta rage a jikin wanda ya ɗaura shi, har bayan ya fito da sa'o'i masu yawa. In wanda ya riga ya yi nutso biyu da safe ya karɓi agogon da bai shiga ruwa ba, zai ba shi lokacin sabon mutum alhali jininsa cike yake. Agogo ɗaya, mutum ɗaya, yini guda. Gara masu araha uku da mai tsada ɗaya in masu shiga uku ne. Na gwanjo kuwa, a gwada shi da igiya mai awo a ruwan da aka san zurfinsa, domin abin da ke auna zurfi a cikinsa yakan tsufa ya fara ƙarya, kuma ba ya nuna alama a fuska.

Daga ƙarshe akwai abin da agogon yake ƙirgawa amma bai san ɗanɗanonsa ba, watau ita kanta iskar. Zai ce maka bar 200, ba zai ce maka bar 200 na mene ne ba. Injin ɗura tukunyar nutso dabam yake da na mai faci, yana da matatai da ake canzawa a kan lokaci. In aka girka shi kusa da janareto, bakin da yake zuƙo iska ya sha hayaƙin salansa, to, gubar nan da take kashe iyali cikin ɗaki da dare ita aka matse cikin tukunya, ba ta da wari ba ta da launi, kuma a zurfi kowane numfashi yana ɗauke da ninkinta. Tukunyar ma ana leƙa cikinta kowace shekara saboda tsatsa, ana kuma gwada ƙarfinta da matsin ruwa bayan 'yan shekaru, a buga kwanan watan a wuyanta. Wanda zai saya ya nemi wannan tambari.

Injin nan da matatansa da tukwanen oksijin sun fi ƙarfin aljihun samarin unguwa, kuma a nan ne ya kamata hukuma ta shigo. Akwai Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida mai hedkwata a Lokoja, akwai Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jihar Neja, akwai kuma hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki da ke Minna, wadda ta sha raba rigunan ruwa ga masu shiga jirgi. A Sabuwar Busa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da kwalejinta, a bakin tafkin Kainji. Ba abin da zai hana a girka injin ɗura iska guda a can, wani a Shiroro, a kawo malamai su horar da mutum shida-shida daga kowace babbar tashar jirgi, a zaɓo su ta hannun Sarkin Ruwa na wurin, wanda ya san gwani ya san mai cika baki. Su riƙe kayan, hukuma ta riƙe littafin gyara da canjin matatai, a kuma yanka musu wani abu duk wata, da alkawarin magani in ruwa ya taɓa ɗayansu.